Ƙirjinta Na Kawo Miki

Ina 'yar shekara tara numfashina ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Wata la'asar Umma ta dawo daga ofis, ko mayafi ba ta cire ba ta ja hannuna zuwa wani ƙaramin asibiti a Abakpa.

Har yau ina jin sanyin sikelin nan a tafin ƙafata. Na hau, allurarsa ta yi ta rawa kafin ta tsaya. Nas ɗin ta leƙa, ta yafito abokiyar aikinta ta zo ta gani.

"Hajiya, wannan 'yar lukutar ai lafiyarta lau. A rage mata tuwo, numfashi zai dawo."

Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai, ina tari a hankali don kada a ji.

Umma mace ce mai sanyin murya, ko kaza ba ta kora da tsawa. Ta sauko da ni, ta ja kujera ta zauna daram.

"Sista, ƙirjinta na kawo miki, ba nauyinta ba. Ba inda za mu sai kin saurare shi."

Da tsaki nas ɗin ta ɗora abin sauraro a ƙirjina. Ta saurara, ta sake saurara, sannan ta fita da sauri kiran likita. Ashe asma ce.

Yanzu ina cikin wata ƙungiya mai zagaya asibitoci don a riƙa duba masu ƙiba kamar kowa. Jikina bai ragu ba, kuma ban sake ba kowa haƙuri a kansa ba.