Garin Baƙo a Tsohuwar Rijiyar Rini

Kwanakin nan ko tuwo na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa, duk saboda aikin 'yata Bara'atu. Tana aiki a wani kamfani mai raba magunguna ga masu kemis, ita ke kula da abin da suke kira rumbun bayanai a kwamfuta. Yadda ta fahimtar da ni, ni da karatuna bai wuce firamare ba, a ciki ake ajiye sunan kowane shago, da maganin da ya nema, da ɗan babur ɗin da zai kai masa, kuma duk a ɗaure suke da juna: ka taɓa ɗaya, sauran su motsa. To, ogansu ya ji labarin wani ƙari da ake ɗora wa rumbun ya riƙa gane taswira, yana nuna wa ɗan babur shagon da ya fi kusa. Ya ce ta ɗora nan take. Ita kuwa ta ce sai ta kwafi rumbun gefe guda ta gwada a can tukuna. Ya zazzage ta a gaban ma'aikata, har da cewa masu son kujerarta suna nan birjik. Yarinyar da ita ke riƙe da gidan nan tun rasuwar mahaifinta!

Hankalina ya tashi, na aika wa matar ogan cewa zan zo ran Asabar in ba da haƙuri, har na sa aka soya mini dubulan. Sannan na tafi wajen Baffa Ɗanjuma, ƙanen mahaifina, tsohon marini ne da ciwon ido ya zaunar a gida, don ya ja wa Bara'atu kunne ta bi maganar na gaba. Ya bar ni na gama kukana tsaf, ya ce, "Gyara zama, Hansatu, ki ji wani misali."

Ya ce an yi wasu marina biyu, rijiyoyinsu na kallon juna. Wata rana wani falke ya sauka da wani gari a buhu, ya ce in aka zuba shi a ruwan baba, launi zai kama da wuri, zane ya fito yana ɗaukar ido. Ba ƙarya ya yi ba, don a garinsu haka yake yi. Na farko ya duba tulin kayan mutane da ke jiransa ga salla ta matso, ya kwance bakin buhu ya juye a rijiya, ya dama, ya tsoma zannuwa har da na wata amarya. Na biyu ya ɗebi ruwan rijiyarsa a kwatarniya, ya barbaɗa garin kaɗan, ya jefa tsumma, ya ja gefe ya zauna. Masu kaya suka yi ta sintiri suna yi masa gori, wai ɗan'uwansa har ya shanya, shi yana gadin tsumma.

Da ya ciro tsumman sai ya gan shi dabbare-dabbare, ruwan kuma ya tsinke. Ashe garin sabon haɗi yake so, ba ya shiri da tsohon ruwan da ya sha toka ya gaji. Sai ya kwashe rijiyarsa, ya yi sabon haɗi, ya sake gwadawa a kwatarniya, da tsumma ya fito shar sannan ya zuba wa rijiyar. Na farko kuwa, kafin zannuwansa su bushe sun koma kamar fatar damo. Rijiya ta lalace, kayan kuma ba nasa ba. Ranar salla na biyu yana gida ya ci ado, na farko yana bin ƙofa-ƙofa yana rantse-rantse. Baffa ya ce, "Abin da ke cikin rumbun 'yarki zannuwan mutane ne. Ki bar ta da kwatarniyarta."

Na dawo gida, na bar Bara'atu da aikinta. Jiya sai ga ta ta shigo da sallama tana dariya, ta zube a tabarma ta ce, "Umma, kwafin ya rushe!" Na dafe ƙirji, ta ce a'a, abin murna ne. Ƙarin bai dace da tsohon rumbunsu ba, tana ɗora shi a kwafin komai ya tsaya cak, ko sunan shago ɗaya ya ƙi fitowa. Da a na gaskiyar ne, da ranar babu kemis ɗin da zai ga magani. Ta kira ogan ya gani da idonsa. Ta ce da ya duba allon kwamfutar sai ya ce, "To, yi yadda kika ga ya dace." Ta sabunta rumbun, ta sake gwadawa, ta ɗora, yanzu 'yan babur suna ta bin taswirarsu. Alhamdulillahi, daren jiya na ci tuwo har da ƙari.

Saura abu ɗaya, 'yan'uwa, shi ya sa na rubuto. Matar oga tana jirana ran Asabar, ga dubulan cike da roba, Bara'atu kuma ba ta san na aika ba. In je in ba da haƙurin laifin da ba a yi ba? In mayar da shi zuwan gaisuwa? Ko in gaya wa yarinyar mu cinye abinmu da shayi? Ku ba ni shawara, don wannan karon ba zan ɗaga ƙafa ba sai na ji daga gare ku. Na ga aya a kan marinin farko, na kuma gani a kaina: sauri kan haifi nawa.