Tsingaron Tulun Humra

Malam Tukur, zauna, ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. Na ji kai da 'yan kwamitinka kun sallami Malama Indo daga ajin 'yan farko, wai ta tsufa, wai faɗanta ya yi yawa, har kun ɗauke kujerarta kun kai sito ba ko sallama. Ba zan tashi daga nan ba sai ka yi mini alkawari za ku taka har gidanta ku ba ta haƙuri, ku mayar mata da ajinta. Tun da ni na koya maka riƙon alli, bari in ƙara maka darasi ɗaya, kuma kada ka katse ni.

An yi wata tsohuwa mai haɗa humra. Ba ta haɗawa sai da kaka, in amfanin gona ya shigo gida, safiya ta fara sanyi. Takan soya riɗi har ya yi ja ta matse mansa, ta daka gyaɗar ƙamshi da kanumfari da kirfa da kajiji, ta ɗan barbaɗa masoro, ta juye duka a wani baƙin tulu da ta gada wurin uwarta, ta liƙe bakinsa da laka. Turaren da ke fitowa ba irin mai taryar mutum tun daga ƙofa ba ne. Sai an zauna kusa, jiki ya ɗumama shi, sannan a ji wani abu kamar gyaɗa a kasko, da ɗan yaji a bayansa yana tsikarar hanci. Kuma ba kowa take sayar wa ba. In mai rawar kai ta zo, sai ta nuna mata hanyar masu turaren kwalba a kasuwa. Takan ce nata na mace mai nauyi ne, wadda za ta faɗa maka gaskiya ta ƙona ka, sannan ta turo maka tuwo da zafinsa. Wadda ba a lura da shigowarta, amma in ta tashi sai ɗaki ya yi sanyi.

Da hannun tsohuwa ya fara rawa, 'yarta ta karɓi sana'ar. 'Yar ba raguwa ba ce, ta iya haɗin sarai, ga tsafta. Tsaftar ce ma ta sa da ta leƙa tulun ta ga maiƙo ya daskare a ciki baƙi ƙirin, sai ta sayo sabo, ta jingine tsohon a bayan katanga, ta ce wa uwar ta koma ɗaki ta huta. Ko shawara ba ta yi da ita ba. Awaki suka ture tulun ya fashe, damina ta zo ta wuce a kansa. Da kaka ta kewayo 'yar ta haɗa humra, ba ta rage ko ƙwayar kanumfari ba. Matan da suka saba saye suka zo, suka shafa a bayan hannu, suka jira, suka dubi juna. Babbarsu ta ce, "Yarinya, kaya kam duk sun hallara, amma masu gidan ba sa nan." Suka fita ba wadda ta buɗe kwalbarta. Sana'ar da ta ci da gidan tun kakanni ta kama hanyar mutuwa.

Ana nan, wata safiya maƙwabciya ta shigo ɗiban wuta. Ba ta zo da abin ɗiba ba, sai ta tsinci tsingaro a bayan katanga, ta kwashi garwashi a ciki ta fita. Ba ta yi nisa ba zafi ya ratsa tsingaron, wani ƙamshi ya tashi ya cika layin. Mai tallan koko ta tsaya cak da ludayi a hannu. Masu sussukar dawa suka bar taɓare a turmi. Wani dattijo makaho da ke zaune a zaure ya ɗaga kai ya kira sunan matarsa da ta daɗe da rasuwa. Ita kanta maƙwabciyar ta ƙame a tsakiyar hanya, wuta na cin yatsunta, ta kasa yarwa. Kowace kaka da aka taɓa zuba mai a tulun nan, ta tsohuwa da ta uwarta, yumɓun tulun ya sha ya ajiye. Ruwan damina guda bai isa ya wanke ba. Sai ga tsohuwa ta fito tana dafa bango, idonta cike da hawaye, tana cewa, "Wa ya buɗe tulun inna?"

'Yar ta durƙusa a bayan katanga, tana tonon ƙasa da farce, ta tattara gutsattsarin tulun da suka rage a bakin zanenta, ta kawo gaban uwar, ta kasa ɗaga kai. Tsohuwa ta shafa su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Daka guda ki zuba a sabon. Sauran ki adana, in sun ƙare sun ƙare." Ta daka, ta zuba, ta liƙe. Ranar da aka buɗe, ba a aika wa kowa ba. Matan da kansu suka biyo hancinsu har tsakar gida, kowace da kwalbarta. Sana'a ta tashi, albarkacin abin da aka yar wa awaki. Sai dai tulu bai koma tulu ba, kuma duk kaka tsingaro ɗaya ake ragewa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.