Kazar Siliniyom

"Ci ka ji, Alhaji!" Zubair ya tura wa wani dillalin kaji daga Maraɗi cinyar kaza. "Sinadarin siliniyom nike zuba ma kajina cikin abinci. Nama laushi, ba ya tsiyayar da ruwa. Ba irin na maƙwabcina Hussaini ba, mai kiwo da dusa da addu'a."

Dillalin ya tauna, ya lumshe ido. "Wallahi ban taɓa cin kamarta ba. Kaji ɗari biyar nike so."

Zubair ya kumbura don alfahari, ya ƙwala wa matarsa kira. "Bilki, wacce aka yanka, in nuna mashi 'yan'uwanta?"

Ta amsa daga bayan labule: "Cikin 'yan gatan naka da ka ce kar a taɓa? Gidan Hussaini na aika aka sawo."

Dillalin ya suɗe yatsa, ya miƙe. "Ina ne gidan Hussainin?"