Gashin Bakin Dokta Djibo

Djibo ya ɗaga ɗan tsakon ya kara a kunne, ya lumshe ido, ya murza gashin baki, sannan ya ce, "Namiji." Ya jefa shi kwalin hagu. Leburorin gonar suka jinjina kai kamar yadda suka saba.

Gaskiyar magana, ba abin da yake saurare. Kajin da Alhaji Abdallah yake kiwo a gonarsa ta Wadi Bawanis irin na haɗi ne masu ƙwai, waɗanda launi ke tona wa asiri tun ranar ƙyanƙyasa: ja mace, fari namiji. Wani direba ne ya tsegunta wa Djibo, shi kuwa ya ƙara wa abin gishiri da kara kunne da lumshe ido. In wani ya ce ai kamar duk jajayen kwalin dama suke zuwa, sai ya harare shi. Da haka ɗan Maraɗi ya zama Dokta a Sabha, kuma ba abin da yake ji da shi kamar wannan suna da gashin bakinsa, wanda yake shafa wa man zaitun kullum safe.

Fararen ba su da amfani ga Alhaji, don haka Djibo yake kwaso su ya kai wa matarsa Asmaou, mai yi wa amaren unguwa ƙunshi. "Aje nan, mai gida, na san yadda zan yi da su," haka take cewa. Bai taɓa tambaya ba. Ina ruwan Dokta da tarkacen zakaru?

Matsalar daga fada ta taso, wurin da 'yan Nijar suke haɗuwa shan shayi bayan la'asar. Kamilou, magini mai bakin tsiya, ya ce shi bai taɓa ganin likitan kajin da ke sayen ƙwai a shago ba. Aka kwashe da dariya. Abin ya yi wa Djibo ciwo ƙwarai.

Ranar Juma'a ya shiga kasuwa. A can gefe ya tarar da wani tsoho, Souleymane, da kwali cike da 'yan tsaki jajaye jawur. Ko kara kunne bai yi ba. Har wani ƙamshi suke yi mai sanyi, wanda ya sa ya ji kamar a tsakar gidansa yake. Ya saye kwalin duka, ya biya ta fada, ya dire shi gaban Kamilou, ya kama gashin bakinsa da yatsu biyu ya rantse: in aka samu zakara ko ɗaya a ciki, a aske.

Da ya isa gida, Asmaou ta leƙa kwalin, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Wurin wa ka sayo su?"

Ya faɗa mata, har da rantsuwar, yana ƙafafa. Sai tari ya sarƙe ta, ta shige ɗaki da sauri.

Da 'yan tsakin suka fara fiffike, gashin ya fito fari. Djibo ya ce ai jajayen kaji ma sukan yi ɗan fari a gefe. Zankonsu ya miƙe, ya ce ƙoshi ne. Suka fara kafsa faɗa, ya ce zafin Sabha ne, ko mutum ma yakan hasala. Asmaou kuwa ta koma yi masa ladabi irin wanda bai taɓa gani ba, har da dambun nama ba sallah ba.

Wata safiya ɗaya ya miƙe wuya ya yi cara. Kafin ya sauke, sauran duk suka amsa. Unguwa kaf ta ji, kuma Kamilou a unguwar yake.

Da la'asar Djibo ya isa fada ya tarar da reza sabuwa fil a kan farantin shayi. Ya yi rantsuwa ya maya cewa cutarsa aka yi, rina su aka yi. Dattawan fada suka tausaya, suka yanke hukunci: ya kawo wanda ya yi rinin, ya tsayar da shi nan gaban kowa a yi masa tas, gashin baki ya tsira.

Djibo ya maƙale zakara guda a hammata ya nufi kasuwa yana huci. Souleymane na ganin farin zakaran ya dafe kai. Ya rantse da guntuwar Hausarsa cewa shi ma saro su yake yi, bai san komai ba. Djibo ya ce to a faɗa masa mai kawowa, yau sai ya ja shi har fada. Tsohon ya faɗa masa.

Da yamma Dokta ya iso fada shi kaɗai, leɓensa fayau kamar ɓararren ƙwai. Da ƙafarsa ya je wurin wanzami. Ya ce mai rinin ya gudu, ya bar gari. Kamilou ya yi dariya har da faɗuwa daga kan benci, Djibo kuwa ya kurɓi shayinsa, maganar da tsohon nan ya yi da guntuwar Hausarsa tana ta yi masa yawo a ka:

"Wata mace ne, mai lalle. Ya ce kada na ji tsoro, mijinsa ne yake zaɓa su da hannunsa, babban Dokta na kaji a Wadi Bawanis."