Abin da Ya Rage a Zauren Na'ura

Farida ta sauko daga kabu-kabu a Gangara tana rungume da ordinatar, wato kwamfuta, kamar jinjiri. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Ina ake caji a garin nan? In batirin nan ya mutu, shi ke nan."

Saliha ta ruga shagon mai sola ta aro batir, ta ɗauko shi a ka.

Na'urar ta yayan Saliha ce, Aminullahi. A Yamai yake aiki, buro ɗaya da Farida. Zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin labari ya iso gida har an binne shi. Farida ta tarar da na'urar a kan katifarsa, a rufe amma ba a kashe ba, da abin saurare maƙale a jiki. Tun daga ranar take ba ta wuta.

Inna na zaune bakin ɗaki tana ɓarar wake. Ba ta ɗago ba.

Aminullahi ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kama sunansa. "Yayanki" take cewa, ko "wancan na birni". Bara da Baba ya rasu bai zo ba, wai aiki ya riƙe shi. Inna ta sa Saliha ta danna mata waya, ta yi masa saƙon murya. Ranar ranta ya ɓaci har sunan ta kama, Saliha ta kusa sakin wayar. Zakara na ta cara a bayanta, ita kuma tana cewa kada ya sake kiranta, ba ita ba shi. Da ta gama ta sa aka goge duk saƙonninsa. Saliha ta goge tana kuka.

Ya kira, ya kira, ba a ɗauka ba. Daga baya ya daina.

Yanzu babu muryarsa ko'ina a gidan. Jiya Saliha ta ji Inna tana faɗa wa maƙwabciya, ƙasa-ƙasa, wai ta fara manta yadda yake dariya.

Farida ta buɗe na'urar a kan tabarma. Saliha ta matso har tana taka mata zane.

"Buɗe hotunan! Buɗe saƙonnin!"

"Ba su buɗuwa, ƙanwata. Aikinmu ke nan ni da shi, gina na'ura cikin na'ura, a kulle ta cikin. Ta waje ina da mabuɗinta. Ta ciki tasa ce, shi kaɗai."

"To mi kika kawo mana?"

Farida ta nuna ƙofar gida. Ta ce baƙo ba ya shiga cikin gida, sai dai a fito masa da abu zaure. Haka ta cikin take. Ba ta yarda lasifika ko makirfo su leƙa ta. Sautin da zai shiga da wanda zai fita, a wani ɗan wuri mara kulle ake ajiye shi a ɗauka. Abin da aka ajiye na ƙarshe yana nan, muddin wuta ba ta ɗauke ba.

"Ɗan kaɗan ne fa. Bai fi numfashi biyu ba. Ni ma ban saurara ba, na ga ba hurumina ba ne."

Hannun Inna ya tsaya cikin ƙwarya.

Farida ta shiga danne-danne. Rubutu na gudu a baƙin allo, Saliha na ƙoƙarin karantawa, ba Hausa ba, ba Faransancin makarantar lakol ba. Ta tashi, ta zauna, ta sake tashi. Wayar batir ta motsa, fitilar caji ta mutu, Saliha ta yi ihu ta danne ta da hannu biyu har ta dawo.

Inna ta ajiye ƙwaryar. Ta jawo jiki, ta zauna gefen tabarma tana gyara mayafi kamar mai jiran baƙo.

"Ko tari ne, 'yar nan," in ji ta. "Ko tarinsa ne, a sa mini."

Farida ta ƙara sauti, ta danna.

Aka ji shuuu. Sai carar zakara, an yanke ta a tsakiya. Saliha ta san zakaran nan, an yanka shi da sallah.

Ba muryar Aminullahi ba ce. Saƙon nan na bara ne, Aminullahi ya yanke faɗan duka ya zubar, ya bar kalma ɗaya tana ta zagayowa, muryar Inna ce tana cewa, "Aminullahi... Aminullahi... Aminullahi..."