Sunan da Ya Fito a Ƙarshe

Da tsohon ya kashe dodon ƙarshe, sai ya ajiye abin dannawa, ya gyara tabarau. Tun bazara yake fama da wasan bidiyon da ɗansa ya ƙera a birnin Osaka na Japan, don kawai ya ga sunan gidansu a ƙarshensa.

"Baba, kamfani ya hana sa sunan gaskiya," in ji ɗan, yana durƙushe kan tabarma. "Gudun kar abokan gasa su wafce mu."

Sunayen waɗanda suka ƙera wasan suka fara wucewa a allo. A ƙarƙashin "Darakta" aka rubuta: Raggon Banza.

Abin da tsohon ya kira shi ke nan ranar da ɗan ya ce ba zai gaji shagonsu na awara ba.

Tsohon ya kurɓi shayi.

"To, ai ni na raɗa shi. Kira mini maƙwabta su gani."