Gaisuwar Tsaye

Ka ce an nuna maka miƙe-miƙen nan da jan numfashi, ka gwada kwana biyu, wuyanka bai saki ba, ka watsar. To, gyara zama, in bayan naka zai bari, in ba ka misalin wani mutum.

Ma'aikacin ofis ne a birni, irin waɗanda ke wuni gaban kwamfuta sun miƙa wuya kamar kaza na leƙen rumbu. Shayi a kawo masa, takarda a kawo masa, ba ya tashi sai salla ko fitsari. Shekaru suka tura, kafaɗunsa suka ɗaure, ƙugunsa ya riƙe, gwiwoyi suka ce ba da su ba. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tsohuwarsa da ke ƙauye. Tun tasowarsa bai taɓa gaishe ta ba sai a durƙushe, kansa a ƙasa, har ta gama sa albarka. Yanzu kuwa sai ya tsaya bakin ƙofar ɗakinta, ya ɗan rusuna, ya dafa bango, ya gaishe ta daga can sama. Bai gaya mata ciwo ne ba, don tana fama da hawan jini, ba ya son hankalinta ya tashi. Ita kuma ba ta tambaya ba, domin ɗan fari ne. Ka san kunyar ɗan fari: ko sunansa ba ta faɗa, balle ta dube shi ta ce me ya same ka. Sai ta yanke wa kanta hukunci cewa muƙami ya shiga kansa, ta haɗiye abin tana jin zafinsa.

Ya shafa man zafi, ya sha ƙwayoyi, har ƙaho wanzami ya yi masa, a banza. Daga ƙarshe wata likitar ƙashi ta ce masa maganinsa ba na sha ba ne. Ta shimfiɗa shi a ƙasa ta koya masa motsin da ake ce wa yoga: ya dafa hannu da gwiwa ya ɗaga gadon bayansa ya sauke, ya zauna ya juya ƙugu dama da hagu, ya sunkuya iya inda jiki ya yarda. Ta gargaɗe shi kada ya yi kokawa da ciwon. Inda ya ji ya ɗaure, ya tsaya nan, ya ja iska ta hanci har cikinsa ya cika, ya sake ta a hankali, sai jijiyar ta ba shi ɗan wuri da kanta.

Nan ne mutumin ya burge ni. Babba ne da furfura a gemu, amma ya kawo tabarma ofis, kullum bayan azahar ya shimfiɗa ta gefen tebur. Da safe ma, kafin ya nutse cikin aiki, yakan ture kujera ya miƙe ya juya wuya. Na ƙasa da shi suna leƙe suna ƙunshe dariya, wai maigida ya koma rarrafe. Ya ji, ya ci gaba da abinsa. Da farko in ya sunkuya yatsunsa ko gwiwa ba sa wucewa. Azumi ya zo ya wuce, aka yi Salla, ya je gida, ya sake gaisuwa a tsaye. A ranar ƙanwarsa ta ja shi gefe ta faɗa masa abin da tsohuwa ke cewa in ba ya nan: wai ta haifa wa kujera ɗa. Maganar ta soke shi ƙwarai, ya gaya mata labarin ciwon da na tabarmar, ya roƙe ta kada tsohuwa ta ji, sannan ya koma birni. Da wani ne, da ya yi zuciya ya danna jikinsa da ƙarfi ya ji wa kansa rauni, ko ya ce abin duk shirme ne, kamar wani da na sani. Shi kuwa washegari ya shimfiɗa tabarmarsa ya ɗora daga inda ya tsaya. Yatsu suka kai ƙwauri. Damina ta sauka, suka kai idon sawu. Ya fara tsugunno yana riƙe da ƙafar tebur, daga baya ya saki teburin.

Da kaka, an gama yankan gero, ya tafi ƙauye. Ya tarar da tsohuwa a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ƙanwar tasa na gefe. Ya tuɓe takalmi, ya ja numfashi, ya sauka a hankali har gwiwoyinsa suka taɓa ƙasa, ya sunkuyar da kai ya gaishe ta. Hannunta ya tsaya cikin gyaɗar. Ta daɗe tana sa albarka, ta haɗa da iyalinsa da aikinsa da kakannin da suka rasu, ta ƙi kai ƙarshe, shi ko bai motsa ba. Sai a nan ƙanwar ta kasa riƙe bakinta, ta fayyace mata labarin ciwon da na tabarmar duka. Tsohuwa ba ta dube shi ba. Ta kau da kai, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce wa 'yarta, "Ki ce wa wannan ya tashi hakanan, kada gwiwar ta sake kama shi. Na yafe abin da na zarga, shi ma ya yafe mini." Ya miƙe tsaf, bai dafa komai ba.

Saboda haka koma ka ɗauko tabarmarka. Masu iya magana suka ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.